Yadda Muka Bi Lungunan Nima da Mamobi da Takardar Tambayoyi

Ban san nauyin tambayar mutum asalinsa ba sai ranar da aka ɗora mini ita a matsayin aiki, aka ce in bi gida-gida in yi wa mutanen da na tashi a gabansu. A Mamobi, wata unguwa a birnin Accra na ƙasar Ghana, aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakansa kuwa shi ne ya biyo ayarin fatake daga ƙasar Kano ya sauka a Salaga yana sayen goro, daga baya 'ya'yansa suka gangaro kudu. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a shekarar 2022 lokacin da wata malamar jami'a mai nazarin zamantakewar jama'a ta nemi masu jin Hausa da za su taimaka mata a wani bincike kan yadda mazauna zango, wato unguwannin da baƙi suka kafa a biranen Ghana, suke samun aiki da ɗakin haya da takardun gwamnati, da kuma ko ana nuna musu bambanci wajen neman waɗannan abubuwa. Mu shida aka ɗauka, maza uku mata uku, kowannenmu ɗan Nima ne ko Mamobi ko Sabon Zango.

Makon farko gaba ɗaya a ɗaki ɗaya muka yi shi, muna fama da kalmomi. Da Turanci aka rubuta takardar tambayoyin, aka aika wa wani masani a Najeriya ya fassara, kuma Hausarsa ba ta da aibi ko kaɗan. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce a ba wani mutum dabam, wanda bai taɓa ganin asalin takardar ba, ya sake mayar da fassarar zuwa Turanci, sannan a jera biyun a duba ko ma'ana ta kauce. An yi hakan, komai ya dace. Matsalar ba ta bayyana ba sai da muka tafi da takardar gida muka gwada ta a kan iyayenmu. Na tambayi mahaifiyata ko ta yi makaranta, ta ce ƙwarai kuwa, shekara tara, alhali ba ta taɓa zama a kan bencin aji ba. A bakin mutanen zango, makaranta ita ce ta allo da Alƙur'ani, ta boko kuwa sukuu muke ce mata kamar yadda maƙwabtanmu masu jin Twi suke faɗa. Da mun fita da tambayar yadda take, da mun rubuta kusan dukan tsofaffin unguwa a layin masu ilimin boko, kuma giɓin da aka aiko mu aunawa ya ɓace a kan takarda. Sai muka raba ta biyu. Haka kalmar gida ta yi mana, domin gida ɗaya a Nima yana iya ɗaukar iyali goma sha biyar ko fiye, kowa da ɗakinsa, tsakar gida da famfo ne kawai na tarayya, saboda haka muka koma cewa waɗanda kuke ci daga tukunya ɗaya.

Wadda ta fi cin lokacinmu ita ce ɗan ƙasa. A Hausar rediyo da jarida, ɗan ƙasa shi ne wanda doka ta amince da shi a matsayin na ƙasar. A zango kuwa, 'yan ƙasa su ne waɗanda aka haifa a nan cikin unguwa, saɓanin wanda ya zo da girmansa. Idan ka tambayi Badagombe wanda ya zo daga Tamale shekara biyar da suka wuce ko shi ɗan ƙasa ne, yana iya ce maka a'a, ko da yake babu mai jayayya da zamansa ɗan Ghana, yaron da aka haifa a Nima wanda iyayensa biyu suka zo daga Nijar kuwa zai ce maka e ba tare da shakka ba. Dokar Ghana ba ta bin wurin haihuwa shi kaɗai, jini take bi: tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 kuma ta ce wanda aka haifa a ƙasar kafin 6 ga Maris 1957 sai ya kasance an haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a nan. A 2020 Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa takardar haihuwa ba hujja ba ce ta zama ɗan ƙasa. Saboda haka muka fasa tambayar zuwa uku: ina aka haife ka, ina aka haifi iyayenka da kakanninka, wace takarda ce a hannunka. A lokacin na ɗauka mun warware matsala, ban lura mun wasa wuƙa ba.

Akwai kuma wani sashe da aka aro daga Amurka, inda aka tsara shi domin auna abin da baƙar fata suke gamuwa da shi yau da kullum: ko ana yi maka rashin ladabi fiye da sauran mutane, ko mutane suna nuna kamar suna tsoronka, ko ana ɗaukarka marar gaskiya. Bayan haka sai a tambayi mutum abin da yake ganin ya jawo, kuma cikin jerin dalilan akwai launin fata. Mun gaya wa malama cewa a nan mai yi da wanda ake yi wa duk launinsu ɗaya, abin da ke raba mutane shi ne suna, da unguwa, da addini, da hijabi ko gemu, da karin harshe. Ta yarda muka ƙara waɗannan, amma ta ƙi a cire tsofaffin, domin idan kowace ƙasa ta sauya ma'aunin yadda ta ga dama, ba za a iya kwatanta sakamakon wani wuri da na wani ba. Na yi ta gunaguni a lokacin, yanzu kuwa ina ganin tana da gaskiya, ko da yake har aikin ya ƙare ban ji mutum ɗaya ya zaɓi launin fata ba.

Kafin a taka ƙofar kowa sai da kwamitin jami'a mai kula da haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu ya duba takardun, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta wajabta a faɗa wa mutum abin da za a yi da maganarsa. An tsara takardar amincewa ta sa hannu ko dangwala yatsa, sai gwaji ya nuna mutane sun fi tsoron dangwalawar fiye da tambayoyin, saboda haka aka koma kwamitin aka nemi izinin karɓar amincewa da baki a naɗe ta a na'ura. Wannan kaɗai ya ci mana mako biyu.

Daga nan sai gaisuwar manya. Zango ba sarki ɗaya gare shi ba, kusan kowace ƙabila da nata, Hausawa da Zabarmawa da Mosi da Kotokoli da Wangarawa da Fulani da Yarbawa da Dagomba, kuma wanda ka tsallake zai ji labari kafin la'asar. Mun bi su da ƙullin goro, muka bi limamai domin su yi sanarwa bayan sallar Juma'a. A wata fada, bayan na gama fassara jawabin malama, wani dattijo daga cikin fadawa ya dube ni ya ce, "Malam, tun ina yaro ake zuwa ana ƙidaya mu. Kwatar nan ta Nima an auna ta ya fi a ƙirga. Ka tambayar mana baƙuwarka, ita me za ta bar mana?" Ba shaci-faɗi ya yi ba. A Nima ɗin nan wani masani ɗan Birtaniya, Keith Hart, ya zauna cikin 'yan ƙabilar Frafra a shekarun 1960, kuma daga abin da ya gani na 'yan tireda da 'yan ga-ruwa da masu ƙananan sana'o'i ya rubuta maƙalarsa ta 1973, wadda ta sa masana tattalin arziki a duniya suka fara magana a kan sana'o'in da ba sa cikin littafin gwamnati. Wata masaniya, Enid Schildkrout, ta yi nata binciken a zangon Kumasi ta buga a 1978, Deborah Pellow ta shafe shekaru tana zuwa Sabon Zango. An ma kafa ma'aikata sukutum ta raya zango a 2017, aka rushe ta a 2021. Malama ba ta yi alkawarin kwata ko asibiti ba, ta ce abu ɗaya ne a hannunta, za ta dawo ta faɗi abin da aka samu da Hausa a gaban jama'a kafin ta faɗe shi a ko'ina. Dattijon ya ce Allah ya kai mu, ba tare da fuskarsa ta nuna ya gamsu ba.

Zaɓen gidaje ba da son ranmu ake yi ba. An ba mu taswirar ƙananan yankunan da aka yi ƙidayar 2021 da su, muka bi lungu-lungu muka lissafa ƙofofi, kwamfuta ta fitar da waɗanda za a shiga, a cikin kowane iyali kuma ta fitar da baligi ɗaya. Sau da yawa maigida yakan ɓata rai idan ya ga an wuce shi an nemi matar ɗan hayansa, sai in ce masa, "Alhaji, ƙuri'a ce ta faɗa a kanta, ni ma ba ni da iko a kai," kuma kalmar ƙuri'a takan kwantar da magana. Mun koyi cewa ranar Laraba ba a samun mata saboda kasuwar Nima, maza kuwa sai bayan magariba, samari kuma sai a majalisarsu wajen shan ataya, inda sai ka lallaɓa ka ja mutum gefe domin kada abokansa su amsa masa.

A mako na uku ƙuri'a ta faɗa kan wani tsoho a wani lungu da ke bayan kasuwa. Na same shi a kan benci a ƙofar ɗakinsa, rediyo a gefe, carbi a hannu. Ya amsa tambayoyin shekaru da sana'a da kuɗin haya cikin fara'a, har yana yi mini gyaran Hausa. Da na zo kan inda aka haifi mahaifinsa, sai ya ajiye carbin a kan cinyarsa ya kashe rediyon. Ya ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" Na faɗa masa. Ya ce, "Na san kakanka, mun yi sahu ɗaya da shi shekara da shekaru. To wa ya aiko ka ka tambaye ni inda aka haifi ubana?" Na ce, "Baba, kana da ikon ka ƙi amsawa, mu wuce ta gaba." Ya yi shiru har na fara tattara kayana, sannan ya ce in zauna in bar na'urar a kunne.

Labarin 1969 ya ba ni. Ranar 18 ga Nuwamba ta wannan shekara gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu, a lokacin da yawancin mutanen zango ba su taɓa jin ana neman irin wannan takarda ba, domin sun zo tun zamanin da Turawa ɗaya ke mulkin nan da Najeriya. Yana saurayi yana koyon sana'a. Ya ce ya ga Yarbawa masu kanti da Hausawa da Zabarmawa suna sayar da gida da kaya a kan kuɗin da bai kai na mota ba, ya ga maigidansa ya ba da kayan aikinsa kyauta domin babu mai saye, ya ga manyan motoci cike da mata da yara da tabarmi suna nufar iyaka. Mahaifinsa, wanda aka haifa a ƙasar Sakkwato, ya tafi da amaryarsa da ƙananan yara, shi kuwa ya zauna da mahaifiyarsa wadda ita da uwarta duk a nan aka haife su, ya yi makonni bai fita bakin titi ba. Bai sake ganin mahaifinsa ba. Da ya kai nan sai ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin biskit, ya buɗe a gabana: tsofaffin katunan zaɓe iri-iri, da katin inshorar lafiya, da rasiɗan haraji da suka yi ja, da sabon katin ɗan ƙasa a cikin leda. Ya ce, "Duk takardar da hukuma ta taɓa ba ni a Ankara tana nan, ko ɗaya ban yar ba." Ankara yake cewa, kamar yadda tsofaffinmu suke kiran Accra.

Bayan ya mayar da murfin, na ci gaba da aikina, na karanta masa tambayar da ke gaba kamar yadda aka rubuta ta: a cikin wata goma sha biyu da suka wuce, ko an nuna maka bambanci saboda asalinka? Ya ce, "A'a, alhamdu lillahi, babu wanda ya taɓa ni." Na danna a'a. Amsarsa gaskiya ce, kuma na rubuta ta daidai, amma na fita daga lungun nan da sanin cewa abin da na gani a cikin gwangwanin ba zai shiga lissafi ba.

A taron da muke yi kowace Asabar na kawo maganar, sai ga shi kowa yana da irinta. Wata abokiyar aikinmu ta haɗu da budurwa mai takardar shaidar karatu wadda ta ce ba a taɓa nuna mata bambanci wajen neman aiki ba, daga baya cikin hira ta ce akwai wuraren da ba ta ma kai takarda, domin ta san za a ce ta cire hijabi. Ni ma na sami saurayin da ya gama jami'a wanda ya amsa a'a, sannan ya nuna mini takardar neman aikinsa a waya, inda ya rubuta Kanda, wata unguwar masu hali da ke maƙwabtaka da mu, a wurin adireshi alhali a tsakiyar Nima yake kwana. Mun gane abubuwa uku ne suke danne amsar. Tarbiyyarmu ba ta son mutum ya kai kuka wajen baƙo, abin da ya rasa sai ya ce ba rabonsa ba ne. Iyakar wata goma sha biyu tana yanke duk abin da ya faru tun da daɗewa ko da har yau shi ke tafiyar da rayuwar mutum. Mafi girma kuwa, wanda ya riga ya san ƙofar da za a rufe masa ba ya zuwa ƙwanƙwasa ta, saboda haka babu ranar da zai ce an kore shi. Malama ta yarda aka ƙara tambayoyi biyu, ko ka taɓa fasa neman wani abu domin kana ganin ba za a ba ka ba, da ko ka taɓa sauya suna ko unguwa a kan takarda, kuma saboda kada gidajen farko su zama ba su da amsa, muka sake komawa kowannensu.

Ta kuma ja mana kunne a kan abin da ban so ji ba a lokacin. Ta ce abin da saurayin nan ya faɗa yana nuna tsoronsa ne, bai tabbatar da abin da mai ɗaukar aiki yake yi ba. Ta ba mu misalin binciken da aka buga a Amurka a 2004, inda aka aika takardun neman aiki iri ɗaya a biranen Boston da Chicago, sunan kawai aka sauya, sai masu sunan farar fata suka sami kira fiye da masu sunan baƙar fata da kusan kashi 50 cikin ɗari. Irin wannan gwaji ne yake kama mai yi, namu kuwa wanda ake yi wa kawai yake saurare. Na so a ce takardarmu ta isa hujja, amma ba ta isa ba, kuma da mun faɗi fiye da abin da muka auna, da mun ba masu musu abin riƙewa.

Akwai abin da ya taɓa ni ta wani gefen. Wani ɗan haya Bafrafre, Kirista, da na tambaye shi su wa suke nuna masa bambanci, ya dube ni ya ce, "Ku." Ya ce shekara ashirin yana gidan, ana biki ana suna ana raba abinci, amma ba a taɓa kiransa shawarar gyaran famfo ba, kuma yaransa sun san sunan da ake kiransu da shi a bayan ido. Na tashi ina ɗaukar zango a matsayin waɗanda aka bari a baya, ban saba ganin cewa a cikin zangon ma akwai masu gida da 'yan haya, akwai masu harshen da ake sallah da ciniki da shi da waɗanda suka koye shi dole ba. Hirar da kanta da Hausa muke yin ta, kuma na lura waɗanda Hausar ba ta zauna a bakinsu ba amsarsu takan yi gajarta. 'Yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwa kuwa, waɗanda ake kira kayaye, da yawansu a ƙofar kanti suke kwana, ba su da ɗakin da taswirarmu za ta nuna, saboda haka ƙuri'a ba ta faɗa kan ko ɗaya ba a yankin da na bi.

Rubuta hirarrakin ya fi yawon wahala, domin hirar awa ɗaya takan ci mini yini guda, sannan a cire suna da lungu da duk abin da zai sa a gane mutum, abin da ke da wuya a unguwar da kowa ya san tarihin kowa. Da aka zo kwatanta abin da muka samu da alƙaluman ƙasa, sai muka ci karo da wani bango. Ƙidayar 2021 ta ba da mutum miliyan 30.8, Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari, ta kuma kasa jama'a cikin manyan rukunoni takwas, Akan da Mole-Dagbani da Ewe da Ga-Dangme da Gurma da Guan da Grusi da Mande, ragowar kashi 1.6 aka tara su a layin sauran ƙabilu. A can Bahaushe yake, duk da cewa da wuya ka shiga babbar kasuwa a ƙasar nan ba ka ji Hausa ba. Sashe na 17 na tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko matsayi, amma kafin a nuna an karya shi sai an iya ware mutanen a cikin lissafi, kuma zango ba ƙabila ba ce, ba ta da layin kanta.

Malama ta cika alkawari. An yi taron a harabar wata makaranta ranar Lahadi bayan la'asar, ni na fassara, dattijon fadar nan ya zo ya zauna a gaba, ya yi tambayoyi masu zafi a kan batun 'yan haya, wasu masu gidaje kuma ba su ji daɗi ba suka faɗa a fili. Tsohon mai gwangwani bai zo ba saboda ƙafa, don haka washegari na je na karanta masa sashen da aka ɗauko daga maganarsa, ba suna, an kuma sauya sana'ar. Ya saurara yana gyaɗa kai har na zo inda na rubuta cewa a 1969 mahaifinsa ya koma gida. Ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, ɗana. Wane gida? Shekara arba'in ya yi a garin nan, a nan ya binne 'ya'ya biyu. Ni ban ce ya koma gida ba." Na kunna na'urar muka saurara tare, kuma bai faɗa ba, ni ne na sa kalmar da hannuna lokacin da nake rubutawa. Na soke ta a gabansa na rubuta ya tafi, na sake karanta masa jimlar ya ce haka ne, da dare kuma na aika wa malama gyaran kafin a kai rahoton wurin bugawa.